Raba Intanet Daga Kwamfutar Tebur Zuwa Laftof: Tambayoyi da Amsoshi

Halin da ake ciki shi ne: kwamfutar tebur tana samun intanet ta iska, ko dai ta katin Wi-Fi ko ta modem ɗin da ake sokawa a USB, ga kuma laftof a gefe ba shi da hanyar shiga. Yawancin bayanin da ke ƙasa na Windows 10 da Windows 11 ne, tun da su ne a hannun mutane, amma an taɓo Windows 7 da Mac da Linux. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke fitowa a kan allo, don ka gane su in ka gan su.

Abin yana yiwuwa kuwa, ko sai na sayi rauta?

Yana yiwuwa, kuma ba sai ka sauke wata manhaja ba. Windows yana da wani tsari a cikinsa mai suna Internet Connection Sharing, a taƙaice ICS, tun zamanin Windows 98 Second Edition da ya fito a 1999. Idan ka kunna shi, kwamfutar tebur ta zama ɗan aike ke nan: laftof ya ba ta saƙo, ta fita da shi da sunanta, in amsa ta zo ta miƙo masa. Ita ce kuma za ta ba laftof ɗin adireshin IP, ta nemo masa adireshin duk shafin da ya tambaya. Wannan shi ne ainihin aikin rauta, sai dai a nan kwamfutarka ce ke yin sa.

Me zai hana laftof ɗin ya kama Wi-Fi ɗin da kansa?

Wannan ya kamata ka fara tambayar kanka kafin ka kashe ko sisi. Kusan duk laftof yana zuwa da Wi-Fi a cikinsa, kuma sau tari abin da ya hana shi kamawa ƙaramin abu ne. Tsofaffin HP da Dell da Toshiba suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, wasu kuma sai an danna Fn tare da maɓallin da ke da hoton eriya. Hannu kan goge shi ba a sani ba, a yi ta zargin kati ya ƙone. Duba kuma ko Airplane mode a kunne yake.

Idan ba nan matsalar take ba, to akwai dalilai na gaske da suke sa a bi ta kwamfutar tebur. Wanda aka fi cin karo da shi shi ne sabon zubin Windows: an yi wa laftof fomatin, direban katin Wi-Fi, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, bai hau ba, direban kuma yana intanet, intanet ɗin kuma ba ya samuwa sai da direban. Windows 11 ma tun wurin zuba shi yake tsayawa yana neman intanet. Direban ramin kebul ya fi yawan zuwa a cikin Windows ɗin kansa, shi ya sa kebul kan fitar da mutum a irin wannan hali. Akwai kuma tsohon laftof da ba ya ganin zangon 5 GHz sai 2.4 GHz kawai, alhali rautar wurin a 5 GHz take watsawa. Akwai inda sabis ya yi nisa, kwamfutar tebur ce kaɗai mai doguwar eriyar da ke iya jawo shi. Akwai kuma mai modem guda ɗaya da layi guda ɗaya, ga aiki a kwamfuta biyu, kamar yadda ake gani a shagunan buga takardu da cike fom.

Wace hanya ta fi, kebul ko iska?

Kebul. Idan kwamfutocin biyu a ɗaki ɗaya suke, ban ga dalilin neman wata hanya ba. Katin Wi-Fi na kwamfutar tebur zai tsaya kan aiki ɗaya, wato karɓo intanet, kebul kuma ya kai wa laftof. Idan ka ce katin nan guda ya karɓa kuma ya watsa, to ka raba masa lokaci gida biyu, gudu zai ragu, kuma ba kowane kati ne ma yake yarda ba. Hanyar iska tana da amfani idan laftof ɗin yawo ake yi da shi a cikin gida, ko ana so wayoyi su ma su samu.

Wane irin kebul zan saya? Wani ya ce sai mai juyayyen kai.

Kebul ɗin Ethernet, mai kai irin na RJ45 a kowane ɓangare, wanda masu shago ke kira kebul ɗin netwok. Ka nemi Cat5e ko Cat6, rubutun yana jikin robar. Cat5e yana ɗaukar gudun gigabit ɗaya har tsawon mita 100, wanda ya wuce abin da intanet ɗin yawancin gidaje ke kawowa nesa ba kusa ba.

Maganar juyayyen kebul tana da asali. A da, idan za a haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye, sai an sami kebul da aka musanya wayoyin aikawa da na karɓa a ɓangare ɗaya. Yanzu katunan suna da abin da ake kira Auto MDI-X, suna gane irin kebul ɗin su daidaita kansu, kuma ya isa a ce ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu tana da shi. Kusan duk kati mai gudun gigabit yana da shi. Sai in duka biyun tsofaffi ne ƙwarai, irin na zamanin Windows XP, za ka buƙaci juyayyen. Abin da ya fi ba mutane wahala yanzu shi ne kebul da aka matse kansa ba daidai ba. Idan a gabanka aka yanka aka matse, ka ce a gwada shi a na'urar gwaji kafin ka biya, fitilu takwas su kama bi da bi.

Laftof ɗina siriri ne, ba shi da ramin kebul.

Sayi adaftar USB zuwa Ethernet. Akwai ta USB na gargajiya, akwai ta USB-C. Yawancinsu Windows 10 da 11 suna gane su da zarar an soka. In ka samu mai gigabit, ita ta fi.

To yaya ake saita shi da kebul?

Haɗa kebul ɗin tukuna, kwamfutocin biyu a kunne. Duk sauran aikin a kan kwamfutar tebur za a yi shi.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta ncpa.cpl, ka danna Enter. Za ka ga duk hanyoyin haɗi da kwamfutar take da su. Nemo wanda intanet ke shigowa ta cikinsa, wato Wi-Fi. Danna shi da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Properties, ka shiga Sharing. Sa alama a akwatin da aka rubuta "Allow other network users to connect through this computer's Internet connection". Idan akwai wurin zaɓi a ƙarƙashinsa mai suna "Home networking connection", zaɓi Ethernet. A Windows 7 sunansa Local Area Connection. Danna OK.

A nan ake yawan yin kuskure: mutum ya je kan Ethernet ya kunna Sharing, saboda a ganinsa ta nan intanet zai fita. A'a. A kan wanda yake da intanet ake kunnawa, sannan a nuna masa inda zai kai.

Da ka gama, Windows zai ɗora wa ramin kebul na kwamfutar tebur adireshi 192.168.137.1, wani lokaci ma ya fito da saƙo ya sanar da kai. Laftof kuma zai karɓi adireshi mai farawa da 192.168.137 da kansa, in dai an bar shi a kan "Obtain an IP address automatically", wanda haka yake zuwa tun asali. Ba shi kamar minti ɗaya. Idan Wi-Fi ɗin laftof yana maƙale da wani layi mara intanet, kashe shi don kada ya rikita lissafi.

Ban ga Sharing ɗin ba gaba ɗaya.

Windows ba ya nuna shi sai ya ga hanyar haɗi aƙalla biyu. Idan an kashe Ethernet, za ka gan shi ya dusashe a ncpa.cpl, sai ka danna shi da dama ka zaɓi Enable. Idan ba ya nan sam, direbansa ne bai hau ba. Haɗin da aka riga aka sa a cikin gada, wato Network Bridge, shi ma ba ya nuna Sharing sai an cire shi. Windows 7 Starter, wanda ya zo a kan ƙananan laftof ɗin nan na da, ba shi da ICS ko kaɗan. Kwamfutar ofis kuwa, mai yiwuwa masu kula da tsarin ne suka rufe shi da gangan, kuma wannan ba abin da za ka yi ta kokawa da shi ba ne, su za ka je ka samu.

Na yi komai, amma laftof yana cewa "Unidentified network" ko "No internet".

Kada ka shiga taɓe-taɓe barkatai. Bi abin daga ƙasa zuwa sama, domin kowane mataki yana faɗa maka inda cutar take.

Fara da ido. Yawancin ramukan kebul suna da ƙananan fitilu, in haɗi ya kama za su kunna ko su riƙa ƙiftawa. In babu haske, kuma Windows yana cewa "Network cable unplugged", to kebul ne ko rami, babu saitin da zai gyara wannan.

In kebul lafiya lau ne, buɗe Command Prompt, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a laftof ka rubuta:

ipconfig

Duba adireshin da ke ƙarƙashin Ethernet. Idan ya fara da 192.168.137, an ba shi adireshi, ka wuce gaba. Idan ya fara da 169.254, ma'anarsa ya nemi adireshi babu wanda ya amsa masa, sai ya ƙirƙiro wa kansa. Wannan alama ce cewa ICS bai tashi ba, ko wani abu yana tare shi. Koma kwamfutar tebur, cire alamar Sharing, danna OK, ka sake sa ta. Sannan a laftof ka rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew.

In har yanzu shiru, zargi na farko ya hau kan manhajar kashe bairos, musamman masu zuwa da katangar tsaro tasu. Suna toshe buƙatar adireshin da laftof ke aikowa. Dakatar da katangar na ɗan lokaci ka gwada. Abin mamaki kuma, kashe katangar Windows ɗin kanta gaba ɗaya shi ma yana hana ICS tashi, domin ya dogara da ita. Waɗanda masu gyara suka kashe musu Windows Defender Firewall a cikin services.msc wai don kwamfuta ta yi sauri, sai sun mayar da shi.

Idan ka gaji da jiran adireshi, ba shi da hannu. A laftof, shiga ncpa.cpl, Properties na Ethernet, sannan "Internet Protocol Version 4". Sa adireshi 192.168.137.2, subnet mask 255.255.255.0, default gateway 192.168.137.1, DNS kuma, wato mai nemo adireshin shafi daga sunansa, 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare. Ka dai tuna ka mayar da shi yadda yake ranar da za ka soka laftof ɗin a wani wuri, in ba haka ba can ma zai ƙi aiki ka rasa dalili.

Gwaji na ƙarshe guda biyu ne. Rubuta ping 8.8.8.8. In amsa ta dawo, intanet yana isowa. Sai ka rubuta ping google.com. In na farko ya yi na biyu ya ƙi, matsalar DNS ce kawai, sa 8.8.8.8 da hannu ya wadatar.

Akwai wani abu da ba shi da alaƙa da rabon intanet amma ana ɗora masa laifi. Tsohon laftof da ƙaramin batirin agogonsa ya mutu yakan koma wata shekara can baya, sai kowane shafi ya riƙa cewa "Your connection is not private". Gyara kwanan wata da lokaci, shi ke nan.

Jiya ya yi aiki, yau da na kunna kwamfutar ya daina.

Sananniyar matsala ce a Windows 10: alamar Sharing tana nan a wurinta amma rabon bai tashi ba bayan an kashe an kunna. Maganin gaggawa shi ne cire alamar a sake sa ta. Wanda wuta ke ɗauke masa sau da yawa a yini kuwa, wannan zai ishe shi, don haka ga maganin da Microsoft da kansu suka bayar.

Buɗe regedit, wato manhajar gyara ma'ajiyar saitin Windows, ka bi wannan hanya:

HKEY_LOCAL_MACHINE\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\SharedAccess

Ƙirƙiri sabon DWORD mai suna EnableRebootPersistConnection, ka ba shi lamba 1. Sannan ka buɗe services.msc, ka nemo Internet Connection Sharing, ka mayar da Startup type ɗinsa Automatic. Kashe kwamfutar ka kunna. A cikin regedit ka tsaya kan abin da ya kai ka, kada ka goge komai, don wurin ba ya yafiya.

Ni dai ba na son kebul. Yaya ake yi ta iska?

Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Agustan 2016 aka sa Mobile hotspot. Shiga Settings, sannan Network & Internet, sannan Mobile hotspot. Zaɓi haɗin da za a raba, danna Edit ka sa suna da kalmar sirri wadda ba ta gaza haruffa 8 ba, ka kunna. A laftof sai ka nemo sunan a cikin jerin Wi-Fi kamar kowane layi. Na'ura 8 yake ɗauka a lokaci guda.

Abubuwa uku ne kan kawo cikas. Na farko, akwai saitin Power saving da ke kashe watsawar idan aka ɗan jima babu wanda ya haɗa, kashe shi in ba ka so. Na biyu, katuna da yawa suna watsawa ne a zangon da suke karɓa, don haka in kwamfutar tebur tana kan 5 GHz, tsohon laftof mai 2.4 GHz ba zai ma ga sunan ba. Gwada sauya Network band, in ya ƙi sai ka mayar da kwamfutar tebur ɗin kan layin 2.4 GHz. Na uku, saƙon "We can't set up mobile hotspot", wanda galibi direba ne. Sauke sabon direba daga shafin kamfanin da ya ƙera katin. Ƙananan adaftocin USB masu arha wasunsu ba sa iya karɓa da watsawa a tare ko me ka yi musu.

Kada ka kunna Mobile hotspot alhali ka riga ka sa Sharing zuwa Ethernet da hannu. Injinsu ɗaya ne, adireshinsu ɗaya, sukan ture juna.

Kwamfutata Windows 7 ce, babu Mobile hotspot.

Da kebul, matakan da aka faɗa a sama su ne dai. Ta iska kuwa sai an bi ta Command Prompt da aka buɗe da "Run as administrator". Fara da netsh wlan show drivers, ka duba layin "Hosted network supported". In ya ce Yes, rubuta:

netsh wlan set hostednetwork mode=allow ssid=Gida key=kalmarsirri123

netsh wlan start hostednetwork

Wani sabon haɗi zai bayyana a ncpa.cpl, shi za ka zaɓa a wurin "Home networking connection". Duk sanda aka kashe kwamfutar sai an sake rubuta layi na biyu. Ka sani kuma Microsoft sun daina tura wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma wa'adinsa na gama-gari ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ta zama ƙofar intanet ga wasu bai kamata a ce ita ce mafi rauni a ɗakin ba.

Na ga wasu suna cewa a yi "Bridge Connections". Ba ya fi sauƙi ba?

A ido ya fi sauƙi: ka zaɓi Wi-Fi da Ethernet tare, ka danna dama, ka haɗa su. Idan ya yi aiki, laftof zai karɓi adireshi daga rautar kanta, kamar shi ma kai tsaye ya haɗa. Matsalar ita ce tsarin Wi-Fi an gina shi ne a kan cewa na'urar da ta yi rajista da rauta ita kaɗai ce za ta yi magana ta wannan haɗin. Saƙon da ya zo da lambar katin wata na'ura daban, rautoci da yawa watsar da shi suke yi. Windows yana da dabarar kewaye wannan, amma wani kati ya yarda, wani ya ƙi, wani lokaci ma kwamfutar tebur ɗin kanta ta rasa intanet. Shawarata ka bar gada sai in kana da takamaiman dalili, misali kana so sauran na'urorin gidan su riƙa ganin laftof ɗin kai tsaye. In ka riga ka yi ta rikice, danna Network Bridge da dama ka goge shi.

Intanet ɗina na modem ne mai layin waya, ba Wi-Fi ba.

Duk ɗaya ne, ko layin MTN ne, ko Airtel, ko Glo, ko Moov da Zamani a Nijar. Abin lura shi ne yadda modem ɗin ke bayyana a ncpa.cpl. Masu zuwa da manhajar da ake danna Connect sukan fito a matsayin Mobile Broadband, ko Cellular, ko haɗin kira. A kansu za ka sa Sharing, sannan ka yanke haɗin ka sake haɗawa kafin ya fara aiki. Na Huawei masu tsarin HiLink, waɗanda ake shiga saitinsu ta 192.168.8.1, suna fitowa ne kamar wani Ethernet na biyu. A nan sai ka kula kada ka rikita su: wanda aka rubuta "Remote NDIS" a ƙarƙashinsa shi ne modem.

In kuwa MiFi ne da kai, wato modem mai watsa Wi-Fi da kansa, ba ka buƙatar wannan duka, sai dai in Wi-Fi ɗin laftof ne ya mutu.

Tun da na haɗa, data ta riƙa ƙarewa kamar ana zuƙe ta.

Ana zuƙe ta ɗin ne. Windows yana ɗaukar duk haɗin kebul a matsayin intanet mara iyaka. Laftof da ya daɗe bai ga intanet ba, da ya samu zai hau sauke sabuntawa, wadda kan kai gigabait da yawa, ga OneDrive, ga manhajojin Microsoft Store, ga burauza. Ko da ka sa kwamfutar tebur a kan ma'auni, laftof bai san da wannan ba, shi ma sai an gaya masa.

A laftof, shiga Settings, Network & Internet, Ethernet, ka kunna "Metered connection". In ta iska ka haɗa, a cikin Properties na layin Wi-Fi ɗin za ka same shi. Ka yi wannan kafin ka buɗe komai. Akwai kuma Delivery Optimization a ƙarƙashin Windows Update, wanda zai iya tura guntayen sabuntawa ga wasu kwamfutoci, kashe shi ko ka taƙaita shi ga na cikin gida. Shafin Data usage zai nuna maka manhajar da ta fi ci. Sabuntawar tsaro dai kada a bar ta har abada, a nemi lokacin garaɓasar dare a sauke ta.

Gudun intanet zai ragu?

Da kebul, kusan babu bambanci, sai dai kwamfutocin biyu suna cin abu ɗaya ne, in ɗaya tana sauke babban fayil ɗayar za ta ji a jikinta. In kana so ka ƙara gudu, wurin karɓowa za ka gyara. Adaftar Wi-Fi da aka soka a bayan akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin tebur, jikin bango, ba za ta kama da kyau ba. Sayi kebul ɗin ƙarin tsawo na USB ka ɗaga ta sama, kusa da taga in modem ce. Ramukan USB 3.0, masu shuɗin ciki, suna fitar da hayaniyar da ke damun zangon 2.4 GHz, nisantar da adaftar daga jikinsu yana taimakawa.

Dole kwamfutar tebur ta zauna a kunne?

Dole. Ta yi barci, intanet ya yanke. Shiga saitin Power ka mayar da Sleep zuwa Never, allon kuma ka bar shi ya riƙa mutuwa abinsa, ba ya hana komai. A Device Manager, cikin Properties na katin Wi-Fi da na Ethernet, in akwai Power Management, cire alamar "Allow the computer to turn off this device to save power".

Babban raunin wannan tsari ke nan. Aka ɗauke wuta, laftof yana da batir amma ƙofarsa ta rufe, sai in akwai UPS ko inbata. Kwamfutar tebur kuma tana cin wuta ninkin abin da ƙaramar rauta ke ci sau da yawa, mai sola ko janareta zai gani a lissafinsa. Saboda haka in buƙatar ta kullum ce, adaftar Wi-Fi ta USB ga laftof ɗin, ko ƙaramar rauta, ta fi wannan araha in an tafi an daɗe. Rabon intanet ta kwamfuta ya fi dacewa da fitar kunya, ko wurin da dama kwamfutar a kunne take yini.

Zan iya amfani da kebul ɗin USB, ko HDMI, ko Bluetooth?

HDMI na hoto da sauti ne, cire shi a lissafi. Kebul ɗin USB mai faffaɗan kai iri ɗaya a ɓangarorin biyu kuwa, kada ka kuskura ka haɗa kwamfuta biyu da shi, kowacce tana turo wuta, za ka iya ƙona rami. Bluetooth yana yi, Mobile hotspot ma yana da zaɓinsa, amma gudunsa bai wuce megabit 2 zuwa 3 a daƙiƙa ba. Ya isa saƙon imel, ko sauke ƙaramin direba in haƙuri ya yi yawa.

In ɗaya Mac ce ko Linux fa?

Laftof ɗin da ke karɓa ko mene ne a kansa ba matsala, adireshi kawai yake nema. In mai rabawar ce Mac, shiga System Settings, General, Sharing, Internet Sharing, ka zaɓi Wi-Fi a matsayin inda ake ɗebowa, Ethernet inda ake kaiwa. A tsofaffin Mac, System Preferences ne. Mac ba ta karɓa ta Wi-Fi ta kuma watsa ta Wi-Fi da kati ɗaya, sai kebul. A Ubuntu da 'yan'uwansa, buɗe saitin haɗin kebul, a ƙarƙashin IPv4 ka zaɓi "Shared to other computers", kwamfutar za ta ɗauki adireshi 10.42.0.1.

Wi-Fi ɗin makaranta ne ko na ofis, na'ura ɗaya aka yarda wa kowa. Za su gane?

A wurinsu duk abin da laftof ya yi da sunan kwamfutar tebur zai fito, da asusun wanda ya shiga. Masu kula da tsarin da suka san aikinsu suna da hanyoyin gane ana rabawa. Amma ko ba su gane ba, in ƙa'idar wurin ta hana, amana ce aka ba ka, ka nemi izini. Ka kuma tuna cewa duk wanda ka raba wa, abin da ya aikata a kanka zai faɗo.

Laftof biyu ne da ni, ko uku.

Sayi ƙaramin suwic na netwok mai rami 5. Kebul ɗaya daga kwamfutar tebur zuwa suwic, sauran daga suwic zuwa kowane laftof. ICS zai ba kowa adireshinsa, ba sai ka ƙara saita komai ba.

Tun da suna haɗe, zan iya tura fayil ko in yi amfani da firinta?

Za ka iya, kuma da kebul mai gigabit ya fi filasha sauri. A kwamfutar tebur, kunna "File and printer sharing" a cikin Advanced sharing settings, ka raba foldar da kake so ko firintar. A laftof, danna Windows da R ka rubuta \\192.168.137.1, sai ya tambaye ka suna da kalmar sirrin asusun kwamfutar tebur. Asusun da ba shi da kalmar sirri Windows ba ya barin a shige shi ta wannan hanya. Fayil ɗin ta cikin kebul yake bi, ba ya taɓa datarka.

Na gama, yaya zan mayar da komai yadda yake?

Koma ncpa.cpl a kwamfutar tebur, Properties na Wi-Fi, Sharing, ka cire alamar. Sannan ka leƙa Properties na Ethernet, "Internet Protocol Version 4", domin wani lokaci 192.168.137.1 yakan maƙale a wurin ko bayan an kashe rabon. In ka gan shi, mayar da zaɓin kan "Obtain an IP address automatically", DNS ma haka. In ka sa wa laftof adireshi da hannu, shi ma ka yi masa hakan. Kada kuma ka soka kebul ɗin kwamfutar tebur a rautar ofis ko ta gida alhali Sharing yana kunne, domin za ta shiga raba wa na'urorin wurin adireshin da ba nasu ba, intanet ya rikice wa kowa.